Darasi Na Bakwai: Yadda Ruwan Zafi Zai Ishi Kowa A Gida

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. faɗin dalilan da ke sa ruwan zafi ya ƙare kafin kowa ya samu;
2. lissafa yawan ruwan da gidansa ke buƙatar dafawa kowace safiya;
3. nuna hanyoyin hana ruwa saurin hucewa;
4. rage itacen da ake ƙonawa ba tare da an tauye kowa ba;
5. kare iyali daga ƙuna, hayaƙi da haɗarin lantarki.

1. Safiyar hunturu a gidajenmu

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ke kaɗowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙura da hazo daga Sahara. Da rana akwai ɗan ɗumi, amma da asuba sanyi yakan sauka ƙasa da digiri 15. A ƙasar Doguwa, musamman Riruwai da ke kan tudu tsakanin duwatsu, abin ya fi haka tsanani. A Tudun Wada da Kiru da Bebeji ma, ruwan da ya kwana a randa ko a jarka ba ya taɓuwa da safe.

Mai girki takan tashi tun kiran sallar farko ta hura wuta ta ɗora babbar tukunya. Maigida ya ɗiba ya yi alwala. Samarin gida su zo su kamfata son ransu. Wani ya buɗe tukunyar ya bar murfin a ƙasa. Kafin gari ya waye sarai, sai ka ji yaro na cewa, "Inna, ruwan ya huce." Amarya ta leƙa tukunya ta ce, "Yaya, ai ko na 'yan makaranta bai rage ba." Daga nan sai a sake ɗora wani, itace ya tafi, koko ya makara, yara su makara, wani lokaci har rai ya ɓaci.

Yawancin mutane sukan ɗora laifin a kan ƙanƙantar tukunya. Sau da yawa tukunyar ta isa. Abubuwa uku ne ke cinye ruwan: ɗiba ba awo, barin zafi ya zurare, da rashin tsarin wanda zai fara. Za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

2. Yadda ake auna zafi

Kamar yadda ake auna hatsi da kwano, haka ake auna zafi da digiri. Ga lambobi huɗu da ya kamata a haddace:

- Ruwan da ke tafasa: digiri 100.
- Jikin mutum mai lafiya: digiri 37.
- Ruwan wanka mai daɗi ga babba: kusan digiri 40.
- Ruwan sanyi na cikin gida: a lissafinmu za mu ɗauke shi digiri 20.

Idan ruwa ya tafasa a buɗaɗɗiyar tukunya, zafinsa ba ya wuce digiri 100, ko da an tura masa itacen gidan gaba ɗaya. Wutar da aka ƙara tana mayar da shi tururi ne kawai. Zafin da lita 1 ke ci kafin ta ƙone ta zama tururi ya ninka fiye da sau 6 wanda ta ci kafin ta tafasa. Saboda haka tukunyar da aka bari tana ta ɓararraka asara biyu take jawowa: ruwa na raguwa, itace na ƙarewa.

> AKWATIN MA'ANA
> Digiri: ma'aunin zafi ko sanyin abu.
> Lita: ma'aunin ruwa. Ledar ruwan sha biyu su ne lita 1. Babbar jarka takan ɗauki lita 25.
> Tafasa: lokacin da ruwa ya kai digiri 100 yana tashi yana fitar da tururi.
> Tururi: ruwan da zafi ya mayar iska ya tashi sama.

3. Lissafin sirki

Ba wanda ke wanka da tafasasshen ruwa. Sirka shi ake yi da na sanyi. Ga ƙa'idar:

*Kwano 1 na tafasasshen ruwa + kwano 3 na ruwan sanyi = kwano 4 na ruwan wanka.*

Ga yadda aka samo ta. Kwano 1 mai digiri 100 ya ba da 100. Kwano 3 masu digiri 20 sun ba da 60. A haɗa: 100 + 60 = 160. A raba wa kwano 4: 160 ÷ 4 = 40. Ruwan ya tsaya a digiri 40. A ranar da sanyi ya tsananta, a rage na sanyin ya koma kwano 2 da rabi.

To, idan ruwan tukunyar ya huce ya sauko digiri 60 fa? A lokacin kwano 1 na zafi kwano 1 kacal na sanyi zai ɗauka: 60 + 20 = 80, sannan 80 ÷ 2 = 40. Kwanon da zai ba da kwano 4 na wanka yanzu 2 ya bayar. Ko ɗigo bai zube ba, amma rabin amfaninsa ya tafi.

*Misali na 1.* A wani gida a Kiru mutum 8 ne ke wanka da safe, kowa bokiti ɗaya mai lita 10.

- Ruwan wankan da ake buƙata: 8 × 10 = lita 80.
- Kashi 1 cikin 4 ne zai zama tafasasshe: 80 ÷ 4 = lita 20.
- Rabon kowa: lita 2 da rabi na zafi, lita 7 da rabi na sanyi.

Tukunya mai lita 20 ta ishi gidan nan.

*Misali na 2.* A gidan dai, samari 3 suka riga kowa, kowannensu ya ɗebi lita 4 ba awo.

- Abin da suka ɗiba: 3 × 4 = lita 12.
- Abin da ya rage: 20 − 12 = lita 8.
- An bar tukunya a buɗe, ruwan ya sauko digiri 60, don haka lita 8 za ta ba da lita 16 kawai.

Mutum 5 suka rage, ga shi ruwan bai cika bokiti 2 ba. Su kansu samarin ba su ci riba ba, domin lita 4 ta zafi a kan lita 6 ta sanyi digiri 52 ke nan, ruwan da jiki ba ya iya ɗauka. Sai sun tsaya ya huce, ko su yi ta ƙara na sanyi har bokiti ya tumbatsa.

Maganin abin mai sauƙi ne: a ware moɗa ɗaya ko kwano ɗaya na awo, a rataye shi kusa da murhu, kowa ya san moɗa nawa ce rabonsa.

> AKWATIN MA'ANA
> Sirki: haɗa ruwan zafi da na sanyi har ya yi daidai da jiki.
> Hucewa: raguwar zafin abu bayan an raba shi da wuta.
> Awo: ɗiba da mazubi ɗaya da aka san girmansa.

4. Ta ina zafi ke zurarewa?

Zafi kullum yana barin abu mai zafi ya koma wurin mai sanyi. Ƙofofi uku yake bi.

*Ta sama.* Tururi shi ne babban mai kwashe zafi. Iskar hunturu busasshiya ce, shi ya sa take saurin janye shi. A rufe tukunya da murfin da ya zauna daram, tun daga ɗorawa har ɗiban ƙarshe. Tukunya mai murfi ta fi saurin tafasa, ta kuma fi jinkirin hucewa.

*Ta gefe.* Iska tana karkatar da harshen wuta daga gindin tukunya, tana kuma sanyaya jikinta. A kafa murhu a lungun da katanga ta tare iskar gabas da ta arewa, ko a kewaye shi da ɗan gini na laka.

*Ta ƙasa.* Idan aka sauke tukunya a kan siminti ko danshin ƙasa, zafi yakan tsiyaye ta gindinta. A ɗora ta a kan katako ko ninkakken buhun algarara.

Akwai kuma hanyar adana zafi na sa'o'i. A samo babban kwando ko kwali, a shimfiɗa buntun shinkafa ko ƙaiƙayi ko tsummoki a ciki, kaurin tafin hannu. A sauke tukunyar daga wuta da murfinta, a duba gindinta kada garwashi ya maƙale, a zaunar da ita a tsakiya, a cusa tsumma ta kowane gefe, a lulluɓe da tsohon bargo. A ƙasar Tudun Wada, inda ake noman shinkafa sosai, buntu ba ya wuyar samu a wurin masu injin casa. Filas da kular abinci ma wannan aiki na riƙe zafi suke yi. Ruwan da aka zuba a filas da daddare ya isa alwalar asuba ta tsoho, ba sai an hura wuta ba.

Rana ma murhu ce da ba a sayen itacenta. A cika baƙar jarka ko baƙin baho mai murfi, a ajiye a rana tun hantsi.

*Misali na 3.* Idan rana ta ɗumama ruwan sirki ya kai digiri 30, kwano 1 na tafasasshe zai ɗauki kwano 6: 100 + 180 = 280, sannan 280 ÷ 7 = 40. Wato abin da ke ba da kwano 4 da asuba zai ba da 7 da la'asar. Wannan ya sa wankan ƙananan yara da rana ya fi arha, ya kuma fi musu sauƙi.

> AKWATIN MA'ANA
> Kwandon riƙe zafi: mazubin da aka cika da buntu, ƙaiƙayi ko tsumma don hana tukunya hucewa.

5. Itace, gawayi da lantarki

Murhun duwatsu uku yana barin mafi yawan zafin itace ya bi iska. Abin da ke shiga tukunya bai cika wuce kashi 15 cikin 100 ba. Murhun laka mai ƙofa ɗaya, wanda tukunya ke zama a cikinsa, ya fi shi tattali nesa ba kusa ba, kuma duk wadda ta iya yaɓen ɗaki za ta iya gina shi.

Ɗanyen itace ma asara ne. Wuta sai ta fara busar da ruwan cikinsa kafin ta ɗumama na tukunya, ga hayaƙi mai yawa. A faskara itace ƙanana, a shanya, a jera inda raɓa ba ta taɓa shi. Bayan girbi, totuwar masara da karan dawa suna da yawa a Doguwa da Kiru. A tara su tun kaka domin ruwan safe. In an sauke tuwon dare, kada a bar garwashi ya mutu a banza, a ɗora ruwa a kai.

Wannan tattali ya wuce aljihun maigida. Dajin Falgore, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, gandu ne da doka ta hana sare itatuwansa. Kogin Kano ta cikinsa yake bi kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga da ke ƙasar Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Saiwoyin itatuwa ne ke riƙe ƙasa. In an sare su, ruwan sama yakan kwashi yashi da laka ya zuba a kogi, madatsa ta riƙa cikewa, ruwan noman rani na Kadawa da Kura ya ragu. Kowane dami da gida ya rage ƙonawa, wani icce ne ya tsira.

Masu wutar lantarki su ma su yi lissafi. Hita mai ƙarfin wat 1,000 tana ɗumama lita 10 daga digiri 20 zuwa 40 cikin kimanin minti 15, amma kafin ta tafasa lita 10 ɗin sai ta ci kusan awa ɗaya. Tankin hita na jikin bango kuwa yawanci yana tsayawa wajen digiri 60, don haka mai lita 30 bokiti 6 kawai zai bayar. In mutum ɗaya ya saki shawa ya daɗe, ya shanye rabon mutum uku, sai an jira tankin ya sake ɗumama, in ba a ɗauke wuta ba.

6. Wa zai fara?

Tun da ruwan farko shi ne mafi zafi kuma mafi auki, bai dace ya zama na wanda ya fi ƙarfi ko ya riga tashi ba. Tsarin da ya fi adalci shi ne:

1. jariri da mai jego;
2. marar lafiya da tsofaffi;
3. yara 'yan makaranta;
4. sauran manya masu lafiya.

Wanda ba shi da sammako ya jira ruwan rana. A gidan da ake karɓa-karɓar girki, uwargida da amarya su zauna da maigida a yanke awo ɗaya da ba ya canjawa ko ranar girkin wace ce. Ɗebo ruwa da faskare kuma aikin samarin gida ne. Wanda ya sha wahalar cika tukunya ba ya kamfatar ta da gangan.

Alwala ba ta buƙatar ruwa mai yawa. Ya tabbata a ingantattun hadisai cewa Annabi Muhammadu (SAW) yakan yi alwala da mudu ɗaya na ruwa, wanda bai kai lita 1 ba, ya yi wanka da sa'i ɗaya, wato kimanin lita 3. Buta ɗaya ta ruwan ɗumi ta ishi mutum biyu.

Gidan da aka haihu sai an yi masa lissafi na daban, domin a al'ada mai jego tana wanka safe da yamma har kwana 40, da ganyen darbejiya ko na tsamiya. A tanadi itacen tun kafin haihuwa, a ware mata tukunyarta. Amma a kula: ruwa mai ɗumi sosai ya wadatar, ba sai wanda zai saɓule fata ba. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka nuna alaƙa tsakanin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko numfashi ke yi mata wuya, a kai ta asibiti ba tare da jinkiri ba. Wadda aka yi wa tiyata ta bi abin da ma'aikatan lafiya suka ce. Shi kuwa jariri, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jinkirta wankansa na farko har sai ya yi awa 24. Kafin nan a goge shi, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa, a lulluɓe su tare.

7. Kariya daga haɗari

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe kimanin mutum 180,000 a shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Da hunturu yara kan kewaye murhu don jin ɗumi, nan ne tukunya ke kifewa. A kiyaye waɗannan:

- A fara zuba ruwan sanyi a bokiti, sannan na zafi.
- A gwada ruwan jariri da gwiwar hannu. Ya zama ɗumin jiki, wajen digiri 37.
- Kada a aiki yaro ɗaukar ruwan zafi, kada a ajiye shi a hanya.
- Kada a shigar da kurfoti ko kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gawayi na fitar da iska mai guba da ba ta da wari ko launi, tana kashe mutum yana barci.
- A zare hita daga soket kafin a taɓa ruwa. Kada a sa ta a bokitin ƙarfe, kada a yi amfani da ta haɗin gida.

Idan tsautsayi ya faɗa, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi mai tsabta a wurin har minti 20. Ban da ƙanƙara. A cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura. Kada a shafa man goge baki, manja, ƙwai, gishiri ko toka, kada a fasa ƙurjin da ya ɗuri ruwa. A rufe da tsabtataccen ƙyalle. In ƙunar ta fi tafin hannun mai ita girma, ko ta shafi fuska, hannu ko al'aura, ko kuma ƙaramin yaro ne, a garzaya asibiti.

> AKWATIN MA'ANA
> Taimakon gaggawa: abin da ake yi wa wanda ya ji ciwo nan take kafin a kai shi asibiti.
> Iskar gawayi: guba marar wari da ke taruwa idan gawayi na ci a rufaffen ɗaki.

Tambayoyin bita

1. Kawo abubuwa uku da ke sa ruwan zafi ya ƙare kafin kowa ya samu.
2. Digiri nawa ne zafin tafasasshen ruwa? Me ke faruwa in an ci gaba da tura masa wuta?
3. Gida mai mutum 12, kowa bokiti mai lita 10. Lita nawa za a tafasa?
4. Lita 6 ta rage a tukunya, ta huce zuwa digiri 60. Lita nawa ta ruwan wanka za ta bayar?
5. Faɗi ƙofofi uku da zafi ke bi ya zurare, da yadda ake toshe kowace.
6. Bayyana yadda ake haɗa kwandon riƙe zafi.
7. Mece ce alaƙar itacen murhunmu da madatsar ruwa ta Tiga?
8. Su wa ya kamata su fara samun ruwan zafi a gida? Don me?
9. Waɗanne alamu ne za su sa a kai mai jego asibiti nan da nan?
10. Ruwan zafi ya zube wa yaro a cinya. Faɗi abin da za ka yi da abin da ba za ka yi ba.

Aikin gida

Auna tukunyar ruwan gidanku da moɗa, ka rubuta moɗa nawa take ci. Ƙirga masu wanka da safe, ka fitar da rabon kowa. A gwada awon tsawon mako ɗaya, tukunya a rufe, sannan ka zo aji da bayanin ko ruwan ya isa da yawan itacen da aka rage.